Hangen Dala Ba Shiga Aljihu Ba Ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shekara 19 ke nan ina shaƙar ƙurar alli. A tsawon wannan lokaci babu tambayar da ɗalibai suka fi jefa mini kamar wannan: "Malam, wai a ina za mu yi amfani da wannan abin?" Da can nakan ce musu su yi haƙuri, gaba za su gani. Su ma sun san ba amsa na ba su ba, ni ma na sani. A zangon karatu da ya wuce ne amsar ta shigo mini aji da ƙafarta, a cikin aljihun wani yaro.

Ranar muna kan darasin kashi cikin ɗari, ajin ya yi tsit irin tsit ɗin da malami ya san ba na fahimta ba ne, na gyangyaɗi ne. Sai na ji ƙus-ƙus daga layin baya. Wani yaro ne, dogo, mai yawan surutu, ya ɓoye waya a ƙarƙashin tebur, mutum huɗu sun dunƙule kai a kanta. Na karɓe wayar ina shirin faɗa, sai ya riga ni: "Malam, don Allah duba ka gani. A Jamus ko shara kake yi, yuro 12.82 ake biyan ka a awa ɗaya. Na juya shi zuwa kuɗinmu. Wallahi a kwana uku mai shara ya fi ƙarfin albashinka na wata." Aji ya fashe da dariya. Masu barci duk suka farka.

Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta sosa ni. Amma da na dubi takardar da ya yi lissafin a kai, sai na ga abin mamaki. Yaron da ya kasa haɗa mini kashi 15 cikin ɗari na 200 a makon da ya gabata, ga shi ya ninka lamba mai ɗigo da farashin canji, ya ninka da awa 8, ya sake ninkawa da kwana 3, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ashe ba kansa ne ba ya ja ba, abin da nake ba shi ne bai dame shi ba. Na mayar masa da wayarsa, na goge allo, na rubuta 12.82 da manyan baƙaƙe. Mako uku muka yi a kan wannan lamba da 'yan'uwanta.

Da farko dai lambar gaskiya ce. Jamus ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi a 2015 a kan yuro 8.50, kuma a 2025 ya kai 12.82. Sai na ce kowane rukuni na mutum biyar ya ɗauki ƙasa ɗaya ya nemo nata. Masu Birtaniya suka kawo fam 12.21 ga wanda ya kai shekara 21, daga Afrilun 2025. Masu Amurka suka kawo dala 7.25, suna ta murna sun gama, har sai da wata yarinya a cikinsu ta gano cewa wannan na gwamnatin tarayya ne, jihohi da yawa suna da nasu, California ma dala 16 take biya a 2024. Masu Suwizalan suka dawo hannu rabbana, domin ƙasar ba ta da mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya, sai dai wasu yankuna irin su Janiba da suka yanka nasu. Tun ba a je ko'ina ba yara suka fara gane cewa "albashin ƙasa kaza" magana ce mai rami a ciki.

Daga nan muka shiga mayar da awa zuwa wata. Nan ma aka yi ta cacar baki. Wasu sun ninka mako da 4, na ce wata nawa ne a shekara ke da kwana 28 cif? A Faransa makon aiki a hukumance awa 35 ne. Idan ka ninka da mako 52 ka raba 12, sai ka sami awa 151.67, kuma wannan lambar ce ake gani a takardar albashin ma'aikatansu. A Amurka awa 40 sau 52 ya ba da 2,080, sau dala 7.25 ya tashi dala 15,080 a shekara, kafin a cire haraji. Wannan "kafin a cire haraji" sai da na ja masa layi biyu a allo, don abin da aka rubuta daban, abin da ya faɗa aljihu daban.

Akwai wani ruɗani da na tarar ya yi kaka-gida a kawunansu, kuma na san ba yara kaɗai ba ne. Suna ɗauka cewa nauyin kuɗin ƙasa shi ne ma'aunin arzikinta. Na tambaye su: dinarin Kuwait ɗaya ya haura dala 3, amma a 2024 sai ka tara yen na Japan wajen 150 kafin ka sami dala ɗaya, kuma kuɗin Koriya ta Kudu sai ka ba da fiye da 1,300. To Japan da Koriya matalauta ne ke nan? Suka yi shiru, don motoci da wayoyin da suke sha'awa daga can suke fitowa. Na ba su labarin Turkiyya, wadda a farkon 2005 ta datse sifiri shida daga kuɗinta, lira miliyan ɗaya ta koma lira ɗaya. Wanda ya kwanta da miliyan ɗari ya tashi da ɗari. Ya talauce? Wani ya ce a'a, tunda farashin kaya ma an datse masa sifirin. Na ce to ka ga ni, ka raba sama da ƙasa da lamba ɗaya, amsa ba ta motsa ba. Wannan ƙa'ida na koya musu ita tun aji ɗaya, amma ranar ce ta zauna.

Abin da ya fi ba ni daɗi a duk makonnin shi ne ranar da muka jefar da farashin canji gaba ɗaya. Na ce a manta da dala, a manta da yuro, a auna kaya da gumi. Wato minti nawa mutum zai yi yana aiki kafin ya iya sayen abu? Hanyar ba ta da wuya: ka raba farashin kaya da ladan awa, ka ninka da 60. Na ƙirƙiro misali a allo. A ce wani abu dala 5.80 ne a Amurka. Mai karɓar 7.25 zai yi minti 48 kafin ya mallake shi. A ce irinsa yuro 5.80 ne a Jamus. Mai karɓar 12.82 minti 27 ya ishe shi. Yaron nan mai waya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ba mu canja kuɗin ba." Na ce duba takardarka: dala a sama, dala a ƙasa, sun cinye juna, me ya rage? Ya duba ya ce, "Minti." Minti kuwa ɗaya ne ko a ina, ba a sayar da shi a kasuwar canji, ba ya tashi da safe ya faɗi da yamma. Ba ni na ƙago dabarar ba, bankin UBS na Suwizalan ya shafe shekaru a baya yana kwatanta manyan biranen duniya ta wannan hanya, amma yaran sun riƙe ta tamkar su suka haife ta. Har a wajen hutu na ji ana musu a kan takalmin wani, ana cewa wannan ai awa goma sha ne.

Bari in faɗi inda na sha kunya, kada a ce na zo yabon kai. Wata rana na kawo farashin man fetur na ƙasashe biyar da na kwafo da daddare ina gyangyaɗi, na jera a allo, na yanke hukunci da bakina cewa Amurka ta fi ko'ina tsada, ninki biyu ma. Wata yarinya da ba ta cika magana ba, wadda ke zama dab da taga, ta ce a hankali, "Malam, na Amurka fa galan aka rubuta, sauran kuma lita ne." Na juya na dubi takardata. Haka ne. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, don haka abin da aka ce dala 3.50 a galan bai wuce kimanin santi 92 a lita ba, wato ita ce ma mafi araha a jerin da na rubuta. Na tsaya da alli a hannu, aji yana jira ya ga yadda zan kare kaina. Na ce, "Kin kama ni, zo ki gyara." Ta fito tana rawar hannu ta gyara. Da muka bincika muka ga galan ɗin Ingila ma daban ne, lita 4.546. Tun daga ranar, duk lambar da aka kawo sai wani ya yi ihu daga baya: "Na me? Kilo ko lita?" Ban taɓa jin daɗin kuskurena kamar wannan ba. Irin wannan tarko yana da yawa: a kantunan Amurka farashin da ke jikin kaya bai haɗa da harajin saye ba, sai a wurin biya ake ƙarawa, alhali a Jamus da Birtaniya an riga an cusa shi a ciki, kashi 19 da kashi 20 cikin ɗari ga yawancin kaya.

Sai kuma maganar wanzami. Na sa kowane rukuni ya nemo farashin abu biyu a ƙasarsa: sabuwar waya iri ɗaya, da aski. Da aka juya duka zuwa dala aka jera, sai ga wayar kusan farashi ɗaya ko'ina, bambancin bai taka kara ya karya ba. Aski kuwa tsakanin Indiya da Suwizalan kamar sama da ƙasa. Na ce me ya jawo? Suka yi ta harbin iska, wani ya ce almakashin can ya fi kyau. Can sai wani ƙaramin yaro ya ce, "Malam, waya ana loda ta a jirgi, in ta yi araha a nan sai a kwasa a kai can. Aski kuwa ba a sa shi a kwali." Wallahi na ji tsigar jikina ta tashi. Abin da masana tattalin arziki biyu, Balassa da Samuelson, suka yi bayani a kansa a 1964 ke nan, yaro ɗan shekara 15 ya faɗe shi a jimla biyu. Duk abin da ba ya tsallaka iyaka, kamar haya, aski, kuɗin mota a cikin gari, farashinsa yana bin albashin mutanen wurin. Shi ya sa inda albashi ya yi tsawo, haya ma takan miƙe tsaye.

A nan ne na gabatar musu da abin da ake kira daidaiton ƙarfin saye, wanda wani masani ɗan Suwidin, Gustav Cassel, ya raɗa wa suna a 1918. Ma'anarsa a taƙaice: kada ka tambayi nawa kuɗin nan zai zama a wurin 'yan canji, ka tambayi me zai saya a inda yake. Mujallar The Economist ta mayar da shi abin raha a 1986, ta ɗauki burodin nama na Big Mac ta riƙa kwatanta farashinsa ƙasa-ƙasa, kuma Suwizalan ce ta saba zama a sama. Yara sun so wannan ma'auni, amma su da kansu suka huda shi. A Indiya ba a yin sa da naman shanu, da na kaza ake maye gurbinsa. Sannan abin da yake abincin gaggawa na mai ƙaramin ƙarfi a wata ƙasa, a wata ƙasar sai mai hali ke shiga ya saya. Ma'auni na gaske shi ne na shirin kwatanta farashi da aka faro a 1968, wanda yanzu Bankin Duniya ke jagoranta, ana tattara farashin kaya masu ɗimbin yawa daga ƙasashe sama da 170. Da wannan ma'auni tattalin arzikin Sin ya wuce na Amurka tun wajen 2014, amma da farashin canji Amurka ce a gaba har yanzu. Tambaya ɗaya, amsa biyu, kuma babu ta ƙarya a ciki.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani uba ya zo makaranta a fusace, ya ce ina cusa wa ɗansa son fita waje. Kwana biyu tsakani wata uwa ta aiko cewa ina kashe wa 'yarta gwiwa, tana da burin karatu a waje ni kuma ina nuna mata tsadar haya. Darasi ɗaya, zargi biyu masu karo da juna. Shugabanmu kuma ya kira ni ofis ya ce, "Malam, jarrabawa ta ƙarato, wannan yana cikin manhaja kuwa?" Na ɗauko manhajar na nuna masa: rabo, kashi cikin ɗari, matsakaici, sauya ma'auni, zanen jadawali, karanta alƙaluma. Babu abin da na fita daga ciki. Abin da na canja kawai shi ne na daina tambayar su lemu nawa wani mutumin da ba su sani ba ya raba wa 'ya'yansa. Ya yi murmushi ya ce in dai gama a kan lokaci.

Ga iyayen kuwa, ga abin da muka yi a aji, su yi mana alƙalanci. Na ƙirƙiro ma'aikata biyu. Na farko yana ƙasa mai tsada, yana karɓar 2,000 a wata bayan haraji: haya 900, abinci 400, sufuri 150, inshora da wuta da sauran tarkace 350. Saura 200. Na biyu yana ƙasa mai araha, abin da yake samu daidai yake da 400 na wancan kuɗin, yana kashe 340, saura 60. Na ce wa ya fi? Masu kallon albashi suka ce na farko, ninki biyar. Masu kallon abin da ya rage suka ce na farko dai, amma ninki uku da ɗan ɗoriya. Masu kashi cikin ɗari suka ce na biyu, don yana ajiye kashi 15, wancan kuwa kashi 10. Aka rasa mai sasantawa. Sai yarinyar nan ta bakin taga, wadda tun ranar galan bakinta ya buɗe, ta ce, "Malam, ya danganta da inda za a kashe kuɗin. Wanda ya ci a can, da farashin can za a auna shi. Amma 200 ɗin da ya rage, in ya aika wa iyayensa a ƙasa mai araha, ai da farashin canji zai isa gare su." Ni kaina ban tsara darasin ya kai nan ba. Ta raba gardamar da manya ke yi kullum: mai cewa kuɗin waje yaudara ne yana kallon 1,800 da suka narke a can, mai cewa arziki ne yana kallon 200 da suka tsallako iyaka. Kuma in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa uban nan daɗi ba, bayan an cire haya da haraji da komai, ma'aikacin Jamus yana sayen wayar nan da awoyi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da takwaransa na ƙasa mai ƙaramin albashi. Lissafin bai share bambancin ba. Ya dai rage masa kumburi, ya nuna girmansa na ainihi. Ni ban ce wa ɗan kowa ya tafi ba, ban ce ya zauna ba.

Mun taɓo wasu abubuwan a gurguje. Matsakaicin albashi, alal misali: mutum tara masu karɓar 100 da mutum ɗaya mai karɓar 9,100, matsakaicinsu 1,000 ne, kuɗin da babu wanda ya taɓa gani a cikin taran. Shi ya sa ake neman albashin wanda ya tsaya a tsakiyar layi. Da kuma shekara: dala 7.25 ɗin nan ba ta motsa ba tun Yulin 2009, alhali farashin kaya a Amurka ya hau da fiye da kashi 40 cikin ɗari zuwa 2024, ke nan ƙarfinta ya koma kamar dala 5 ta wancan lokaci. Lamba tana nan yadda take a takarda, tana ramewa a kasuwa.

Yanzu sai in juyo gare ku, Malam Edita, da ku da sauran 'yan jarida, cikin girmamawa. Yaron nan ba daga sama ya samo lambarsa ba, a kafafen labarai ya gan ta, an buga ta da manyan baƙaƙe, ba a ce uffan a kan haya ko haraji ba. Wanda ya fi damuna shi ne layin talauci na Bankin Duniya, wato kuɗin da in mutum bai samu kamarsa a rana ba ake sa shi cikin matalauta. Dala 1.90 ne daga 2015, ya koma 2.15 a 2022, sannan dala 3 a watan Yunin 2025. Sau da yawa nakan ga an ɗauki wannan adadi an ninka da farashin canji na ranar, a ce duk wanda bai samu kaza ba matalauci ne. Ba haka ake lissafa shi ba. Dalar da ke cikin wannan layi ta ƙarfin saye ce, ba wadda ake canjawa a kasuwa ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu a ƙasashe masu araha tana iya kai ninki biyu ko uku ko fiye. Ɗalibaina na aji huɗu yanzu sun iya kama wannan kuskure, kuma sun fara kawo mini yankakkun jaridu suna ja da jan biro.

Roƙona bai da yawa. Duk lokacin da za ku buga albashi ko farashin wata ƙasa, ku ƙara layi ɗaya a ƙasa: na awa ne ko na wata, kafin haraji ne ko bayansa, na wace shekara ne, kuma da wane ma'auni aka juya shi. In fili ya samu, ku sa kuɗin hayar ɗaki ɗaya a gefensa. Zango mai zuwa za mu ɗauki kuɗin makaranta da na asibiti a ƙasashe shida, kuma na yi wa yaran alƙawarin cewa jaridarku na cikin waɗanda za mu shimfiɗa a kan tebur. Mai wayar nan shi na naɗa shugaban masu jan biro.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin lissafi